Madubin Hangen Nesa da Farautar Barewa

A cikin kayan farauta da Bahaushe ya gada kaka da kakanni akwai kwari da baka, da gora, da barandami, da karnuka, daga baya kuma bindigar toka ta shigo. Madubin hangen nesa ba ya cikinsu, baƙo ne, har yanzu ma maharba da yawa kallon kayan soja suke yi masa. Ni haihuwar Sabon Garin Gusau ne, amma kakana na wajen uwa tsohon maharbi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Bungudu, kuma a wurinsa nakan yi hutun makaranta. Yana da irin wannan madubi guda ɗaya, wanda wani amininsa ya kawo masa tsaraba daga aikin hajji tun ba a haifi mahaifiyata ba. Abin da na koya game da shi a hannun Kaka, da wanda na ƙaro a ajin kimiyya, shi nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Da farko dai sai mu san abin da ake hange. Dabbar nan da Turawa ke farauta a Ingila da Jamus da Amurka, wadda ake fassara mana da barewa a aji, ba irin tamu ba ce. Waccan ƙahonta rassa gare shi kamar itace, yakan faɗi kowace shekara wani ya tsiro, kuma duk faɗin Afirka ba ta da asali sai a duwatsun Atlas, can wajen Tunisiya da Aljeriya da Maroko. Namu na nan su ne barewa da gada da mazo da danginsu, waɗanda ƙahonsu ba ya rassa, ba ya kuma faɗuwa. Barewa ja ce mai baƙin zane a haƙarƙari, mace da namiji duk suna da ƙaho. Mazo yana da ɗigo-ɗigo da zane-zanen fari, namijinsa kaɗai ke da ƙaho. Gada kuwa 'yar ƙarama ce, da ta ji motsi sai ta faɗa cikin sabara ko geza, sai ka ce ƙasa ta haɗiye ta. Dukkansu sun fi fitowa kiwo da jijjifi da kuma gab da almuru, lokacin da haske ya yi ƙaranci. Ku riƙe wannan, domin a kansa zaɓen madubi ya rataya.

Tarihin abin ba shi da tsawo. A 1608 wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nuna wa hukuma madubin hangen nesa mai ido ɗaya. A 1854 wani mutumin Italiya, Ignazio Porro, ya yi rajistar dabarar sa dunƙulen gilashi mai kusurwa uku a ciki, wanda ke miƙar da hoto ya daina fitowa a kife, ya kuma rage tsawon bututun. A 1894 kamfanin Carl Zeiss na garin Jena a Jamus ya fara sayar da mai ido biyu a kan wannan dabara. Na Kaka irinsa ne, mai faɗin kafaɗa, mai nauyi a wuya.

To, duk madubin da ka ɗauka za ka ga lambobi biyu a jikinsa, alal misali 7x50 ko 8x42 ko 10x25. Lambar farko ita ce yawan kusantowa. Idan barewa tana nisan mita 400, ka dube ta da mai lamba 8, za ka gan ta kamar tana mita 50. Lamba ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ce a milimita, wato bakin da haske ke shiga. Yawancin mutane lambar farko suke bi, suna zaton wanda ya fi girma shi ya fi kyau. Ba haka abin yake ba. Madubi ba barewa kaɗai yake kusantowa ba, har rawar hannunka yake ninkawa. Da zarar an wuce 10, mai riƙe da hannu ba zai ga komai a tsaye ba, ƙaho da reshe duk sai su haɗu suna kaɗawa. Bayan haka, gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙuncin filin da kake gani. Mai neman gada a cikin kurmi da madubi mai ƙunci kamar mai leƙen kasuwa ne ta kafar makulli.

Akwai wani ɗan lissafi da ko ɗan aji ɗaya zai iya. Raba lamba ta biyu da ta farko. Hamsin a raba da bakwai ya ba da bakwai da 'yan kai, 42 a raba da 8 ya ba da biyar da kwata, 25 a raba da 10 ya ba da biyu da rabi. Amsar ita ce faɗin hasken da ke fitowa ya shiga idonka, a milimita. Idan ka riƙe madubin nesa da fuskarka ka fuskanci sararin sama, za ka ga wannan haske kamar ɗan farin ɗigo a tsakiyar gilashin ido. Ita kuwa 'yar ƙofar da ke tsakiyar ƙwayar idon mutum takan tsuke zuwa milimita biyu ko uku da rana tsaka, a duhu kuma ta saurayi takan buɗe har kusan bakwai, ta dattijo ta tsaya wajen biyar. Saboda haka ɗan ƙaramin madubin aljihu mai 10x25 yana da kyau a filin ƙwallo da hantsi, amma da almuru, lokacin da mazo ke fitowa, ba abin da zai nuna maka sai dishi-dishi. A ganina 8x42 ya fi dacewa da dajinmu. Na Kaka 7x50 ne, haskensa ba a magana, sai dai bayan tafiyar wuni guda wuyanka zai gaya maka.

Wani ɗan kawuna ya taɓa sayo nasa a kasuwa, mai jan gilashi yana walƙiya, an rubuta 60x60 a jiki da manyan baƙaƙe. Ya kawo wa Kaka yana taƙama wai nasa ya ninka na tsoho kusan sau tara. Kaka ya ɗora a ido, ya dubi wata kuka da ke bakin gona, ya sauke, ya ce, "Abokina, kuka guda na bari can, ga ni ina ganin biyu. Kai ka shuka gudar?" Muka yi ta dariya. Da muka gwada su gefe da gefe, bai ko kai na Kaka kusantowa ba, lambar ƙarya ce kawai. Araha ba ta ado. Ganin biyu-biyu kuwa alama ce bututun biyu ba su daidaita da juna ba, kuma irin wannan madubi ciwon kai yake kawowa cikin ɗan lokaci. Don haka wanda zai saya kada ya saya a cikin kwali. Ya fito da shi waje, ya dubi wayar lantarki ko bakin rufin kwano, ya ga ko layin ya zo ɗaya. Ya juya shi ya leƙa ta gilashin gaba, ko akwai ƙura ko fumfuna a ciki. Ya girgiza shi a kunne, in ya ji wani abu na ƙara, ya ajiye. In da hali ya gwada shi da yamma lis, domin da rana kowane madubi gwani ne.

Daidaita shi da ido ma sai an koya. Za ka lanƙwasa shi har da'ira biyun su zama ɗaya. Sa'an nan ka rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, ka murza abin murzawar da ke tsakiya har idon hagu ya gani tangaran. Sai ka rufe na hagu, ka murza zoben da ke kan gilashin idon dama shi kaɗai. An yi wannan zobe ne don idanun mutum biyu ba safai ƙarfinsu ke zama ɗaya ba. Idon Kaka na dama ya yi rauni, shi ya sa duk ranar da na taɓa masa zoben sai ya gane, ya ce, "Wa ya taɓa min ido?"

A daji Kaka ba ya tafiya da madubi a fuska. Yakan fara da sawu da kashi da ganyen da aka ci, ya ɗebi ƙasa ya saki don ya ga inda iska ta nufa, domin madubi ba ya hana barewa jin warin mutum. Sai ya sami tudu ko dutse, irin waɗanda suka cika ƙasar Kwatarkwashi da Tsafe, ya zauna rana tana bayansa don kada gilashi ya yi walƙiya, ya kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa. Daga nan sai ya bi daji a hankali, daga wannan itace zuwa wancan. Ba dabba sukutum yake nema ba. Kunne yake nema da ya motsa, ko wutsiya, ko wani layi a kwance cikin ciyawar da ke tsaye. Da rana ta take yakan mayar da shi jaka, don kawalwalniya takan sa komai ya yi ta rawa, haka kuma ranar da hazon hunturu ya sauka.

Wani zai ce, to ina amfanin hangen barewa a mita 400 ga mai bindigar toka, wadda harbinta ba ya nisa? Gaskiya ne, hangen Dala ba shiga birni ba ne, sai an yi sanɗa an matsa. Amma ni abin da na gani, babban aikin madubin nan shi ne hana harbi. Wata safiya muna tare da wani saurayin maharbi, sai ga abu ja-ja yana motsi a cikin sabara, daidai inda muka ga sawun mazo jiya. Saurayin ya ɗaga bindiga. Kaka ya dafe masa hannu, ya miƙo mini madubi, ya ce, "Duba, mi ka gani?" Na duba. Yarinya ce 'yar kamar shekara goma, ta ɗaura jan zane, ta sunkuya tana tsintar itace. Ba wanda ya yi magana a cikinmu har ta ɗaure kayanta ta ɗauka ta wuce. Saurayin nan ya zauna a ƙasa, gumi na keto masa cikin sanyin nan. Kowa a ƙauye ya taɓa jin labarin maharbin da ya harbi ɗan'uwansa ko maraƙin Fulani yana zaton nama ne, kuma irin wannan rigima ba ta ƙarewa a gida ɗaya.

Haka kuma da madubin Kaka ke gane mace da namiji, da mai ciki, da wadda ɗanta ke kwance a gindin kalgo. Waɗannan ba ya harbinsu, ya ce ubansa ma ba ya yi. Hukuma ita ma tana da nata: an kafa dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, da dokar soja mai lamba 11 ta 1985 wadda ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa. Barewarmu kuwa masana sun sa ta cikin dabbobin da ke cikin haɗari. Kaka ya ce a ƙuruciyarsa garke-garke ake gani a bayan gari. Ni duk zuwana daji sau biyu tak na gan ta.

Kulawa da shi ba wuya, sai dai a kiyaye. Ƙurar hunturu yashi ce, in ka goge gilashi da bakin riga ka karce shi ke nan har abada. A fara hurewa, sa'an nan a shafa da tsumma mai laushi. Da damina kada a kulle shi cikin akwati da laima, fumfuna za ta ci shi. Kada kuma a kuskura a dubi rana da shi ko da ƙiftawar ido, makanta ce. Iyaye su ja kunnen ƙanana a kan wannan.

Yanzu fa al'amari ya canja. Tun wajen 2011 da 'yan bindiga suka fara addabar Zamfara, manyan dazuzzuka irin su Kuyambana sun fi ƙarfin maharbi, kuma ƙasar Tsafe da ta Bungudu duk sun ɗanɗana. Wanda aka gani a kan dutse da madubi a ido, jami'an tsaro na iya ɗaukarsa mai kai rahoto, ɓarayin kuma su ɗauke shi ɗan leƙen asiri. Saboda haka Kaka ya hana ni fita da shi bayan gari, shi kansa ba ya wuce gefen gonaki, kuma sai ya sanar da mai gari kafin ya fita. Abin da muke hange da shi yanzu zabin daji ne da fakara a bakin fadama, da birai in sun sauko wa masara. Ranar ashirin da tara ga Sha'aban kuwa, bayan rana ta faɗi sarai, liman kan aiko yaro a ce Kaka ya zo da madubinsa bakin masallaci a duba wata.