Kwana Biyar A Damagaram A Gidan Amini

Bayan Ƙaramar Salla ta shekarar 2024, makonni kaɗan da sake buɗe iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar wadda aka rufe tun watan Agusta na 2023, wani malamin firamare daga unguwar Dogo Tebo ta garin Potiskum ya ɗaura aniyar ziyartar Damagaram, birnin da Faransawa ke kira Zinder. Abu biyu suka kai shi: ganin birnin da ya daɗe yana karanta labarinsa, da kuma cika alkawarin da ya yi wa wani amininsa, mai fataucin shanu.

Asalin amincin nasu kuwa shi ne, a watan Mayu na 2012, sa'ad da 'yan bindiga suka auka wa kasuwar shanu ta Potiskum, wannan falke yana cikin waɗanda suka tsira da ransu amma suka rasa dukiyarsu. Malam ya same shi a masallacin unguwa ba shi da kuɗin mota, ya kai shi gida, ya ba shi ɗakin zaure har mako uku. Tun daga ran nan duk zuwan da falken zai yi Potiskum, a Dogo Tebo ya ke sauka, kullum kuwa sai ya ce, "Malam, yaushe za ka zo ka ga namu gidan?"

Malam ya kwana Kano, da asuba ya bi hanyar Daura, ya ƙetare iyaka a Kwangwalam, ya ratsa Matamai, bai isa Damagaram ba sai gab da magariba. Ya tarar da Alhaji, watau aminin nasa, yana jiransa a tasha tun azahar. Da ya ce ko za a nuna masa masaukin baƙi don kada ya takura wa iyali, sai Alhaji ya ɓata rai, ya ce, "Haba Malam! Ni da na kwana ashirin a zaurenka?" Daga nan bai sake tayar da maganar ba.

Gidan Alhaji yana unguwar Zango. An share wa baƙo ɗaki, an kawo fura mai sanyi da kilishi, bayan lisha kuma aka ɗora shayi. Yaran gida da suka ji aikinsa koyarwa ne sai suka riƙa kiransa "mushe", domin haka su ke kiran malaminsu na lakwal, watau makarantar boko. Lissafin kuɗi ma sai da aka koya masa: a can tamma biyar ta sefa ita ce dala, dubu ɗaya kuwa jaka.

Kashegari suka shiga Birni, tsohuwar unguwar sarauta, wadda ke zaune tsakanin waɗansu manya-manyan duwatsu kamar an ɗora su da hannu. Alhaji ya bi da shi lungu-lungu, ya nuna masa ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya gina, sarkin da ya rasu a 1884, wanda a zamaninsa Damagaram ta ƙasaita har ana ƙera igwa a cikin birnin. A ƙofar fada suka gai da dogarai, da ya ke kuma ɗaya daga cikinsu maƙwabcin surukin Alhaji ne, sai aka shigar da su zauruka, aka zaunar da su gaban wani dattijon bafade. Da ɗan gari a kan ci gari.

Da dattijon ya ji baƙo daga Potiskum ya ke, sai ya ce ai ɗan gida ne, gama sarakunan Damagaram sun daɗe suna kai gaisuwa Kukawa wurin Shehun Barno. Ya ba shi labarin Sarki Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe hafsan Faransa Kazamaju a 1898, da yadda Faransawa suka dawo a 1899 suka ci rundunar Damagaram a Tirmini, suka kafa barikinsu a kan dutse suna hangen fada. Malam ya san waɗannan shekaru tun a littafi, amma bai taɓa jin su daga bakin wanda kakansa ya ga abin da idonsa ba.

Rana ta uku aka yi ta a Zango, inda ayarin Azbinawa masu gishirin Bilma da fataken Larabawa na Tarabulus su ke sauka a da. Har yanzu akwai tsofaffin gidajen attajirai masu zanko da zane a fuskar zaure, waɗansu an gyara, waɗansu damina ta ci rabinsu. Ta wannan birni ne Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi a ƙarshen 1852 a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Malam ya tsaya wurin dukawa ya saya wa uwargidansa jakar fata, Alhaji kuwa ya tsaya kan ciniki har aka rage kusan rabi.

To, amma abin da ya fi zama a zuciyar Malam ba a fada ya gan shi ba, a tsakar gidan masaukinsa ne. Lokacin bazara ne, zafi ya tsananta, kullum safe da yamma sai ya tarar an ajiye masa bokiti cike da ruwa, shi kuwa ya yi wanka a wadace kamar yadda ya saba. A dare na uku ya farka wajen ƙarfe uku, ya ji motsi, ya leƙa. Sai ga uwargidan Alhaji da 'ya'yanta mata biyu suna shigowa da jarkoki a ka, daga famfon wata unguwa inda suka yi layi tun bayan lisha. Famfon gidan ya yi kwanaki bai ɗiga ba, 'yan ga-ruwa kuma sun tsawwala kuɗi. Ruwan da ya ke kwararawa a jikinsa barcin mutum uku ne.

Ƙarancin ruwa tsohon ciwo ne a Damagaram. Birnin a kan dutse ya ke, rijiya ba ta cika yin albarka ba, sai an jawo ruwa daga nesa da gari. Daga 1911 nan ne hedkwatar mulkin Faransawa a ƙasar Nijar, amma a 1926 suka mai da ita Yamai a bakin Kwara, matsalar ruwa kuwa tana cikin dalilan da a ke bayarwa. Wanda ya sauka a otal yana iya jin wannan a matsayin tarihi kawai, ya yi wankansa ya wuce.

Da gari ya waye Malam ya rasa yadda zai yi. In ya yi magana ya kunyata mai gida, in ya yi shiru ya ci gaba da zama nauyi. Sai ya ce wa Alhaji sanyin asuba yana dama masa jiki, wanka ɗaya ya ishe shi, da buta biyu. Alhaji ya dube shi, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ka ga abin da ba a so baƙo ya gani." Malam ya amsa, "Alhaji, ai ni na daina zama baƙo." A daren nan su biyu suka ɗauki amalanke suka bi layin famfo, mata suka kwanta.

Ran komawa Alhaji ya raka shi tasha da ƙunshin kilishi da dabino, ya ƙi karɓar ko dala. Malam ya bar wa yara littattafan Hausa uku da ya zo da su, ya kuma roƙi a ba shi babban yaron gidan ya yi hutun damina a Dogo Tebo. Alhaji ya ce sai ya shawarci uwar yaron, amma ba ya jin za ta hana.

Gwamnatoci sukan rufe iyaka su buɗe, har ma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma a farkon 2025, amma zumunta a ƙafa ta ke. Allah ya bar zumunci, ya kuma wadata mutanen Damagaram da ruwan sha, amin.