Abin da ka faɗa a caji ofis

Na yi shekaru ina aikin tafinta a kotu, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, tun muna cikin jihar Sakkwato har aka yanke mana tamu a 1991. Yanzu da na tsufa, matasa kan tambaye ni wace shari'a ce ta fi tsaya mini a rai. Nakan ce musu ta wani yaro ce, ɗan wani ƙauye a fadamar Argungu, wanda ba zan kama sunansa ba.

Lokacin yankan shinkafa ne. Shanu suka faɗa masa gona, cacar baki ta kai ga hannu, aka sauke masa gora a ka, shi kuma ya kai sara da laujen da ke hannunsa. Mai shanun bai mutu ba, amma hannunsa ya nakasa. Da dare aka kai yaron caji ofis, jini bai gama bushewa a kansa ba, aka ce ya ba da sitatimen. Ya yi bayani da Hausa, aka rubuta da Turanci, ya dangwala yatsa. Ranar da aka miƙo mini takardar in fassara masa a gaban alƙali, layi huɗu ne kawai: ya je gona, ya tarar da shanu, ransa ya ɓaci, ya sari mutum. Gorar ba ta ciki, raunin kansa ma ba ya ciki. Ya dube ni ya ce, "Baba, ai na gaya musu shi ya fara." Na yarda da shi har ga Allah, amma yardar tafinta ba hujja ba ce. Ba wanda ya kai shi asibiti a daren, don haka babu takardar likita, kuma kafin a fara sauraron ƙarar gashi ya rufe tabon.

Mutanenmu sun ɗauka ɗaukaka ƙara sabuwar shari'a ce, za a sake kiran shaidu kowa ya faɗi nasa. Ba haka take ba. Idan ƙara ta bar Babbar Kotu a Birnin Kebbi ta nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato, takardu ne ke tafiya. Alƙalai uku za su karanta abin da aka rubuta a ƙasa, su duba ko an yi kuskuren doka. Abin da bai shiga takarda ba, da wuya ya samu ƙofar shiga daga baya. Kuma akwai wa'adi: kwana 90 daga ranar hukunci, sannan kwana 30 in za a wuce Kotun Ƙoli a Abuja. Na ga iyayen da suka ɓata kwanakin nan suna neman mai sayen gona, sai da lauya ya koma roƙon kotu ta ƙara lokaci.

Doka ba ta hana mutum kare kansa ba. Final Kod da aka yi wa Arewa a 1959 ta ba kowa wannan haƙƙi, tsarin mulkin 1999 ma ya ambace shi a sashe na 33. Sai dai dokar ta gindaya sharuɗɗa: kada ka wuce abin da zai tunkuɗe cutar, kuma haƙƙin yana ƙarewa ne da ƙarewar haɗarin. A nan ƙafar mutane ke zamewa. Wanda ya ƙwace makami, sannan ya bi mai gudu ya sare shi, a idon kotu ya bar kare kai ya shiga ramuwa.

Duk wanda ke sauraron rediyo ya ji labarin Sunday Jackson, manomin nan na yankin Numan a jihar Adamawa. Ya ce wani makiyayi ne ya far masa da wuƙa a gona, ya ji masa rauni, shi kuma ya ƙwace wuƙar ya soke shi. Babbar Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025. Bayanin da ya yi wa 'yan sanda ne ginshiƙin hukuncin: mafi rinjayen alƙalan sun ga cewa da wuƙar ta dawo hannunsa, yana da damar gudu. Mai shari'a Helen Ogunwumiju kaɗai ta saɓa musu, kuma ni ra'ayinta na bi. Wanda bai taɓa kokawa da mai wuƙa ba, ba zai san yadda tunani ke gushewa a wannan lokaci ba. Ba kuma don manomi ne nake faɗin haka ba. Na yi wa yaran Fulani tafinta waɗanda irin wannan takarda ta kai gidan yari, alhali su aka fara duka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kariyar tana nan a rubuce. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dokar Shaida ta 2011 ta ce iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa ba ya karɓuwa, sai dai lokacin da aka miƙa takardar a kotu ne ake tashi a ce an tilasta, ba bayan hukunci ba. In ta bakin tafinta aka ɗauki bayanin, dole a kira shi ya ba da shaida. Akwai kuma hukumar gwamnati mai ba talaka lauya kyauta tun 1976. Yaron nan na Argungu bai san ko ɗaya ba, ni kuma aikina bai ba ni damar gaya masa ba.

Iyaye da masu unguwanni, in an kama naku kan faɗa, ku bi shi caji ofis a daren. Ku nemi a kai shi asibiti a rubuta rauninsa, ku riƙe sunayen waɗanda suka ga farkon rigimar, kuma kada ya dangwala yatsa sai an karanta masa takardar da harshen da yake ji.