Murar da ke zuwa tare da bununi

Duk shekara, da zarar ruwan sama ya fara ja da baya a watan Satumba, gero ya yi bununi, ciyawar bakin kogi ta fid da kai, wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Harobanda sai barci ya ƙaurace masa. Kafin ya ƙetare gadar Kennedy zuwa biro ya yi atishawar da ba ta ƙirguwa, idanunsa sun kaɗa sun yi jajir. Abokan aiki su ce sanyi ne. Sanyi a Satumbar Yamai! Ƙwayoyin farmasi kan tsayar da majina, amma su bar shi yana gyangyaɗi bisa takardun jama'a. Babban tsoronsa shi ne ciwon ya gangara ƙirji ya zama fuka.

Likita ya bayyana masa cewa jikinsa ne ke ɗaukar ƙurar furen ciyawa tamkar abokin gaba, kuma akwai hanyar koya wa jiki haƙuri da ita. A 1911, a asibitin Saint Mary na birnin Landan, Leonard Noon ya soma yi wa masu wannan lalura allurar ruwan ƙurar, kaɗan-kaɗan, yana ƙarawa. A 1999 binciken Stephen Durham ya nuna cewa bayan allurar shekara 3 zuwa 4, sauƙin kan ɗore shekara 3 da dainawa. Tun 2006 akwai ƙwayar Grazax da ake sawa ƙarƙashin harshe kullum. Mai gaggawa kuwa ya yi asara: gwajin da aka buga a 2017 ya gano shekara 2 ba ta isa. Allurar ma sai gaban likita, a zauna rabin awa, domin jiki na iya yin mummunan bore.

Shekara 3 ba ta ba shi tsoro ba. Abin da ya sanyaya masa gwiwa shi ne Grazax daga ciyawar ƙasashen sanyi ake yin ta. Gero, gamba da kiri-kiri dangi ne na nesa da ita, kuma maganin waccan bai cika rufe waɗannan duka ba. Wannan aiki ne da ya dace da jami'ar Abdu Mumuni, wadda ke nan cikin Harobanda, tsakanin ciyawar da ake magana.

Kafin nan, ya sayi ƙaramin littafi. Kowace safiya yana rubuta kwanan wata, inda iska ta fito, da ciyawar da ya gani ta yi fure a hanyar Kirkisoy.