Albasar Kwaɗi a Ƙasar Noman Rani

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya, daga Kura har ya wuce Kadawa, ya san yankin nan ya bambanta da maƙwabtansa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa yake gangarowa ta kanal rani da damina, ya ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura, ana ta fitar da shinkafa da tumatir da albasa da alkama. Yaron da ya tashi a nan ya taso ne da sanin cewa in shuka ta yi yaushi, ruwa take so. Haka ne a gona. Amma wannan sabo shi ke kashe wata shuka da ke zaune a tsakar gidaje da dama, cikin tsohuwar tukunya ko bokitin da ya ɓule.

Albasar kwaɗi nake nufi, wadda wasu ke haɗawa da danginta su kira su duka gadali. A fadama take fitowa da kanta. Ganyenta dogo ne mai kauri, kuma da ruwan farko ya sauka sai ta fito da sanda guda mai ɗauke da manyan furanni farare, kowane da jan layi a tsakiyarsa. Akwai masu ajiye ta don magani, akwai masu wasu dalilai da ba su ne maganarmu ba a yau. Ni dai kyanta ya ishe ni dalili. Furen ba ya daɗewa, sauran shekara kuwa ganye ne kawai, in hunturu ya kankama ma ganyen ya bushe, tukunya ta zama kamar babu komai a ciki.

A nan ake samun kuskuren. Uwargida ta ga ganye ya yi rawaya, sai ta ce da yaro ya ƙara mata ruwa safe da yamma. Shukar kuwa ba ƙishirwa take ji ba, hutu ta shiga. Duk abincin da ganye ya tara da damina ya sauka cikin kan da ke ƙasa, kuma a busasshiyar ƙasa yake son ya yi jira. In ya kwana cikin laka a sanyin Disamba da Janairu, ruɓewa yake yi, sai a tono shi yana wari a ce ai ba ta karɓi gidan ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, babu wanda ya fi mutanen yankin nan sanin wannan sirri. Manomin albasa, da ya ga lawashi ya fara kwanciya, sai ya ɗauke mata ruwa kafin ya cire, don ya san albasar da aka cire da danshi ba ta ajiyuwa. Ya kuma san ba a yanke lawashi tun kai bai ƙosa ba. Ilimin yana gona, bai dai ƙaraso tsakar gida ba.

To haka ita ma albasar kwaɗi take so. In fure ya gama, a yanke sandarsa kawai, a bar ganyen ya sha rana har ƙarshen damina, ko da ya daina burge ido. Lokacin ne ma ya kamata a barbaɗa mata taki wanda ya riga ya ruɓe, domin furen baɗi yanzu ake haɗa shi. Da kaka ta yi sai a rage ruwa. In ganye ya bushe a janye tukunyar zuwa inuwa, a ƙyale ta, sai ɗan yayyafi jifa-jifa. Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa, za ta leƙo da kanta.

Ƙasar tukunyar ma abin dubawa ce. Ƙasar bakin kanal ko ta gonar shinkafa tana riƙe ruwa, in ta bushe kuma ta daskare. Gara rairayi da aka gauraya da taki da ɗan ƙonannen ɓuntun shinkafa, wanda ba a rasa shi a Kura. A huda gindin tukunyar, kuma kada a binne kan gaba ɗaya, a bar wuyansa a waje. Tukunyar ƙasa ta fi roba, don ba ta ɗaukar zafi kamarta. In an ga farin kanwa-kanwa a bakin tukunya, irin wanda ke fitowa a gonar da ruwa ya daɗe yana kwanciya, a kankare saman ƙasar a zuba sabuwa.

Ba ta son a riƙa tono ta kowace shekara. Sai 'ya'ya sun cika tukunya, bayan shekara uku ko fiye, sannan a raba su gab da damina, a ba maƙwabta. Tsutsar da ke huda ganyenta ta gangara cikin kai kuwa, da hannu ake tsince ta tun da wuri.

Masu sayar da furanni a bakin titunan Nassarawa a Kano suna da wata 'yar'uwarta mai jan fure, asalinta daga Kudancin Amurka, kuma kulawarsu ɗaya ce. Amma irin lili da ake nomawa a Holan yana bukatar sanyin ƙasashen Turai kafin ya sake fure, don haka da wuya ya zagayo shekara a wurinmu. Tamu ta fadama ta fi amana.

Sai dai a kiyaye: kanta yana da guba, kuma ya yi kama da albasar miya. A ɗora tukunyar inda yara da awaki ba za su kai ba, kuma kada a taɓa shanya kan nata kusa da kayan miya.