Daga Dafin Kibiya Zuwa Allurar Sakin Tsoka

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, idan likita ya ce sai an kai majinyaci Sakkwato an yi masa tiyata, akan ji dangi suna cewa za a kashe shi ne a tayar. Ko da yake maganar ta yi kama da zuzutawa, akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, domin a babbar tiyata lallai akan tsayar da numfashin mutum da gangan. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce bayyana maganin da ke yin wannan aiki, da kuma dalilin da ya sa nake ganin ya cancanci suna na kansa a Hausa.

Na tashi a cikin zuriyar maharba a ƙasar Kebbe, inda na ji tsofaffinmu suna labarin yadda ake dafa 'ya'yan kwankwani a shafa wa kibiya. Shi wannan dafi zuciya yake kamawa. Can a dazuzzukan Amurka ta Kudu kuwa, maharbansu suna da nasu dafin mai suna kurare, wanda ba ruwansa da zuciya. Tsoka yake sakewa, har dabba ta kasa numfashi ta mutu. Kuma ana cin naman lafiya lau, saboda dafin bai cika shiga jini ta hanji ba.

A shekarar 1814 wani Bature ɗan Ingila, Charles Waterton, ya sa aka soki wata jaka da kurare, aka yi ta hura mata iska da zugazugi ta maƙogwaro har dafin ya sake ta. Ta tashi, ta kuma rayu shekaru da yawa. Daga baya masanin Faransa Claude Bernard ya gwada shi a kan kwaɗi, ya nuna cewa a mahaɗar jijiya da tsoka yake aiki. Harold King ya ware ainihin sinadarinsa a 1935, sa'an nan ranar 23 ga Janairu, 1942, Harold Griffith da Enid Johnson suka yi amfani da shi a tiyata a birnin Montreal na Kanada.

Ga yadda abin yake. Idan mutum ya yi nufin ɗaga hannu, saƙo kan taso daga ƙwaƙwalwa ya biyo jijiya. Da ya iso bakin tsoka sai jijiyar ta saki wani sinadari, asitilkolin, wanda yake kamar ɗan aike mai sallama a ƙofar gida. Magungunan sakin tsoka iri biyu ne. Na farko, irin su atirakuriyam da rokuroniyam, sukan tare ƙofar ne, ɗan aike ya rasa hanya. Makarinsu shi ne niyostigmin, wanda ke sa 'yan aiken su yi yawa har su ture mai tarewa. Na biyu shi ne sakzametoniyam. Shi kwaikwayon ɗan aiken yake yi, ya shiga ya ƙi fita, sai tsoka ta yi ɗan karkarwa ta saki. Yakan kama cikin kamar minti 1, ya sake bayan kamar minti 5. Amfaninsu duka shi ne a sami damar zura bututu a maƙogwaro, ciki kuma ya yi laushi ga mai fiɗa, na'ura tana yi wa majinyaci numfashi.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Waɗannan magunguna ba sa sa barci, ba sa kuma kashe zafi. Wani likita a Amurka, Scott Smith, ya sa aka yi masa allurar kurare yana farke, kuma rahoton da ya fito a 1947 ya nuna yana ji, yana sane, yana jin zafin tsira, amma ba ya iya motsi. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan hali, domin shi ne abin da yake kira dannau: ido biyu, hankali na nan, jiki ya ƙi. Saboda haka ne likitan barci yake haɗa abu uku dabam-dabam, wato maganin barci, da na kashe zafi, da na sakin tsoka, kuma ba ya gusawa daga kan majinyaci.

Mu kuwa duk ukun nan mun dunƙule su a cikin suna ɗaya, allurar barci. Daɗin daɗawa, kalmar jijiya da kanta tana ɗauke da mai kai saƙo da mai kai jini. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Alal misali, akwai mutanen da suka gaji ƙarancin sinadarin jini mai narkar da sakzametoniyam, ta yadda maimakon mintoci sai ya riƙe su sa'o'i. Abin yana bin zuriya, kuma mu masu yawan auren zumunta ne. Dattijon da ya taso daga Kebbe, wanda ɗan'uwansa ya taɓa daɗewa a kan na'urar numfashi bayan tiyata, zai ce ne kawai barci ya yi masa nauyi. Alhali da ya san abin da zai faɗa, da likita ya sauya magani.

Shawarata ga malamai da 'yan'uwana ɗalibai ita ce mu zauna da ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mu daidaita kalmomi uku: allurar barci, allurar kashe zafi, da allurar sakin tsoka. Mu kuma rarrabe jijiyar saƙo da jijiyar jini. Majinyaci yana sa hannu a takardar yarda kafin a shiga da shi, kuma hakkinsa ne a bayyana masa abin da ya yarda da shi a cikin harshen da yake ji.