Daga Gulbin Rima Zuwa Kogin Sanigal: Daɗin Tafiya A Ƙaramin Jirgi

Mutumin Sakkwato, idan aka yi masa zancen tafiya, abin da ke fara zuwa ransa shi ne mota, ko jirgin sama na zuwa Makka, ko kuwa, in dattijo ne, raƙumi da jaki na zamanin fatauci. Da wuya ya tuna da ruwa. Alhali kuwa birnin nan da Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kafa a shekarar 1809 a kan tudu yake zaune, yana kallon mahaɗar gulabe biyu. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da ƙasar Talatar Mafara. Gulbin Rima kuwa ya gangaro ta Sabon Birni da Goronyo da Wurno. A gefen birni suka haɗu suka zama ɗaya, suka nufi Argungu da Birnin Kebbi, har suka faɗa cikin Kwara, ita kuma Kwara ta kai ruwan teku.

Abin da ya jawo mu ga wannan magana shi ne, a 'yan shekarun nan 'yan kasuwarmu da manyan ma'aikata masu zuwa Masar da Dubai da Turai sun fara dawowa da labarin wata irin tafiya, watau ta jiragen ruwa na shaƙatawa, inda mutum ke biyan kuɗi ya kwana a kan ruwa mako guda ko biyu, jirgi yana yawo da shi daga wannan gari zuwa wancan. Jiragen nan iri biyu ne. Akwai manya, kamar wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, wanda ke iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Akwai kuma ƙanana na alfarma, kamar tagwayen jiragen kamfanin SeaDream, waɗanda kowanensu fasinja 112 kawai yake ɗauka, da ma'aikata 95. Abin da zai ba ɗan kasuwa mamaki shi ne, galibi kuɗin kwana a ƙaramin ya fi na babban tsada ƙwarai, amma duk da haka masu hali ƙaramin suke nema. To, me suke saye da kuɗinsu?

Na farko, sanayya. A jirgin mutum dubu bakwai fasinja lamba ne a jikin kati, yakan bi layi wajen cin abinci, ya bi layi wajen sauka. A na mutum ɗari kuwa, kafin kwana biyu mai hidima ya san sunansa, ya san irin shayin da yake sha. Matafiyi Musulmi zai fi kowa gane amfanin wannan, gama a irin wannan jirgi yana iya ganin mai dafa abinci ido da ido ya gaya masa abin da ba ya ci, kuma tun da jirgi juyawa yake yi dare da rana, yana da wanda zai tambaya inda alƙibla take, a kuma saurare shi. Fasinjojin su ma sukan san juna, su rabu suna abokai, kamar dai yadda 'yan ayari ɗaya suke zama 'yan'uwa kafin su kai Gwanja.

Na biyu, ƙaramin jirgi yana shiga inda babba ba ya shiga. Tun daga watan Agusta na 2021 gwamnatin Italiya ta hana jiragen da suka wuce tan 25,000 ratsa tsakiyar birnin Benis, saboda ɓarnar da suke yi wa tsofaffin gine-gine da mashigin ruwa. A Antatika, can ƙarshen duniya ta kudu inda ƙanƙara ba ta narkewa, jirgin da ya ɗauki fiye da mutum 500 ba a yarda fasinjojinsa su taka ƙasa, kuma ko ƙanana ma, ba a barin fiye da mutum 100 su sauka wuri ɗaya a lokaci ɗaya. A kogin Nilu na Masar, a yankin Luksor da Aswan, akwai wasu jirage masu filafilan iska da ake kira dahabiyya, masu ɗakuna 'yan kaɗan, waɗanda ke tsayawa a tsibirai da ƙauyukan da manyan jirage ke wucewa ba su ko waiwaya ba.

Na uku, tafiyar sannu. Wanda ya hau jirgin sama ya ga gajimare, wanda ya hau mota ya ga kwalta da ƙura, amma wanda ya bi kogi a hankali ya ga ƙasa da mutanenta, ya ga gona da garke da masallaci da kasuwa, ɗaya bayan ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a nan ita ce ainihin abin da aka biya.

Ba sai an ƙetare teku ba kafin a ga misalin wannan, akwai shi a nan Afirka ta Yamma, a ƙasar da take da tsohon zumunci da Sakkwato. A kogin Sanigal akwai wani jirgi mai suna Bou el Mogdad, wanda aka ƙera a Holan a 1950. Shekaru da yawa shi ne ke kai wasiƙu da kaya da fasinja garuruwan bakin kogi, kafin motoci su ƙwace masa ciniki. A 2005 aka dawo da shi kogin a matsayin jirgin shaƙatawa mai ɗakuna ashirin da 'yan kai. Yakan tashi daga Sen Luwi, birnin da mutanen ƙasar ke kira Ndar, ya bi ta dausayin tsuntsaye na Juj, ya tsaya a Rishar Tol da Dagana, ya ƙare a Podor, tafiyar da mota ke yi cikin sa'o'i kaɗan shi kuwa ya yi ta cikin kusan mako guda. Podor ɗin nan tana cikin Futa Toro, ƙasar da kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka fito, inda sunan Toronkawa ya samo asali. Kusa da ita ne garin Halwar, mahaifar Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna shekaru a Sakkwato bayan dawowarsa daga aikin Hajji, ya kuma auri 'yar Sarkin Musulmi Bello. Watau Basakkwace da zai hau wannan jirgi, hanyar gidan kakanni zai bi.

Idan muka dawo gida muka gangara arewa da birni, ta hanyar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo, muka tsaya a gadar Kwalkwalawa da hantsi a ƙarshen damina, za mu tarar abubuwa ukun nan duka muna da su, ba mu dai ɗauke su bakin kome ba ne. Ga fadama shimfiɗe iyakar ganin ido, shinkafa ta yi kore shar. Ga masunta suna jefa birgi, ga masu sayar da kifi a bakin hanya, ga balbela suna bin shanun Fulani. Idan ruwa ya janye, wurin nan ne zai koma lambun albasa da tafarnuwa da tumatir. Mun zauna cikin kwalekwale a nan, muka ga mai fito ya san kowane fasinja da sunansa da na ubansa, ya san wadda za ta kasuwa da wanda za shi gaisuwar rasuwa. Ya san inda ruwa ke da zurfi da inda yashi ya taru, yana shiga da jirginsa cikin lungun da ko babur ba ya kaiwa. Da ya sa gora ya tura, sai hayaniyar gari ta ɗauke, ba ka jin kome sai motsin ruwa da kukan tsuntsaye, birnin kuma ya bayyana a bisa tudunsa ta fuskar da mai mota bai taɓa gani ba.

Haka abin yake har ƙasa. Ruwan nan shi ke ratsa Wamakko da Silame ya isa Argungu, inda tun ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934 ake yin bikin kamun kifi a Matan Fada, tare da tseren jirage da sauran wasannin ruwa na Kabawa, bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Can gaba a kan Kwara ga Yawuri da tsibiranta da bikinta na Rigata. Daga wannan yanki ne Richard Lander, baran Kyaftin Clapperton wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ya shiga kwalekwale tare da ƙanensa a 1830, suka bi Kwara har teku, a hannun matuƙa 'yan ƙasa waɗanda suka gaji sanin ruwa kaka da kakanni.

To, jama'a, in muna da sanayya, muna da lunguna, muna da sannu, me ya rage? Abu guda ne, kuma shi ne tushen sauran duka, watau ƙa'idar adadi. Jirgin alfarma da aka ce na mutum 112 ne ba ya ɗaukar na 113, ko nawa zai biya. Duk natsuwar da fasinja ke ji, da sararin da yake miƙe ƙafa, da barcin da yake yi ba fargaba, daga nan suka fito. Mu kuwa a nan ne muke faɗuwa. A watan Mayu na 2021, kusa da Wara ta ƙasar Ngaski a Jihar Kebbi, wani jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse a Kwara, kaɗan ne suka tsira. A Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a ruwan Shagari. A Mayun 2023, a wannan ƙaramar hukuma dai, yara 15 suka rasu a kan hanyarsu ta zuwa itace. A ranar 17 ga Agustan 2025 wani jirgi ɗauke da fiye da mutum 50 ya kife a kan hanyar kasuwar Goronyo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Waɗannan bayin Allah ba yawon buɗe ido suka fita ba. Neman abinci ne ya kai su, wasu don babu gada, wasu don hanyar mota ta lalace ko ta zama abin tsoro saboda 'yan bindiga.

Ita ma Sanigal ta ɗanɗani wannan. A watan Satumba na 2002 jirgin Joola, wanda aka ƙera don ɗaukar ƙasa da mutum 600, ya kife a teku daura da Gambiya, mutum fiye da 1,800 suka halaka, adadin da ya zarce na Titanic na 1912. Ruwa bai san babban jirgi ko ƙarami ba, nauyin da aka ɗora masa kawai ya sani.

Turawa ma ba da wannan ƙa'ida aka haife su ba. A Ingila, masu jirage sun daɗe suna cika su da kaya fiye da kima, matuƙa suna mutuwa, har sai da wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya tsaya tsayin daka, aka yi doka a 1876 cewa lalle a zana alama a jikin kowane jirgi da za ta nuna iyakar nutsewarsa idan an yi masa lodi. Har yau ana kiran alamar da sunansa. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, domin ya san mudu yana da baki, buhu yana da iyaka, kuma wanda ya ɗora wa jaki abin da ya fi ƙarfinsa zai yi asarar kaya da jaki gaba ɗaya. Ran mutum kuwa amana ce a hannun mai fito tun daga lokacin da ya karɓi kuɗin fito.

Saboda haka muna da magana ga masu karatunmu kashi biyu. 'Yan kasuwa, ku ne masu buhunan albasa da shinkafa da baburan da ake jibgawa tare da mutane a ranar kasuwa. Ku ware jirgin kaya daban, ku biya sawu biyu in ta kama, kuma attajirin da ke neman sadaka mai gudana ya sani sabon jirgi mai ƙarfi da rigunan kariya guda hamsin a mashigin ƙauyensu ba ƙaramin alheri ba ne. Ma'aikatan gwamnati kuwa, dokoki suna nan. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta wajabta sa rigar kariya, ta hana lodi fiye da kima da tafiyar dare. Abin da ya rage shi ne a rubuta adadin fasinja ɓaro-ɓaro a jikin kowane jirgi, a zana masa alamar lodi da fenti, a kuma haɗa kai da Sarakunan Ruwa da hakimai, waɗanda matuƙa ke jin maganarsu, domin a samu mai tsayawa a bakin mashigi ranar kasuwa ya ce ya isa haka.

Idan aka yi wannan, sauran za su biyo baya. Gaskiya ne madatsar Bakolori ta 1978 da ta Goronyo ta 1984 sun sauya halin gulaben nan, kuma da rani ruwa yakan ja baya ƙwarai. Amma daga ƙarshen damina zuwa farkon sanyi akwai ruwan da zai ɗauki jirgi mai rumfa da kujeru, na mutum goma sha biyu, daga gefen birni zuwa Wamakko da yamma, ya dawo kafin magariba. Mai gida zai kai iyalinsa, makaranta za ta kai ɗalibanta, baƙon da ya zo ziyarar Hubbare zai ga wata fuska ta Sakkwato, matuƙi kuma zai samu abin da ya fi na cunkoso albarka. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya kiyaye masu tafiya a tudu da ruwa, amin.