Kifin Bakin Kanal da Hawan Jinin Baba

Ranar da aka sallami mahaifinmu daga asibiti, bayan kwana huɗu yana kwance saboda jininsa ya hau, likita ya ja masa kunne a kan abubuwa uku. Ya riƙa shan magani kullum ko da ya ji garau, ya rage gishiri, ya kuma sassauta wa jan nama ya koma cin kifi. Biyun farko Baba ya saurare su da kunne ɗaya. Na ukun kuwa ya riƙe shi tamkar wasiyya.

Dalili kuwa a fili yake. Mu mutanen Bunkure kifi ba baƙonmu ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke biyo kanal yana ratsa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ana noma shinkafa da alkama da tumatir rani da damina. Inda ruwa ya zauna kuwa masunta ba sa nisa. Da la'asar sakaliya za ka ga masu suya sun kafa kasko a bakin hanya, ga karfasa ga tarwaɗa, wani lokaci har da kurungu. Kuɗin da ba zai sayi tsiren kirki ba ya isa mutum ya ci kifi guda da ɗan rogo ya sha ruwa ya gode Allah. Akwai wata rumfa da Baba ya yi shekaru yana zama da abokansa bayan sallar magariba, benci biyu ne da fitila mai caji, a nan ake yanke farashin taki da hukuncin 'yan siyasa. Da likita ya ce kifi, sai Baba ya ɗauka an ba shi lasisin zuwa can kowane dare.

Bayan wata guda muka koma awo. Na'ura ta nuna 170 bisa 100. Ma'aikaciyar jinya ta sake ɗaurawa, lambar ba ta gusa ba. Baba ya rantse bai taɓa tsire ba tun da aka sallame shi, kuma gaskiya ya faɗa. A gida Inna ta rage gishirin miya har yara na ƙorafi. Na dawo ina ta saƙe-saƙe, domin ƙanen Baba shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara uku kafin ya rasu, kuma ni na riƙa juya shi a kan gado.

Daren Juma'a na ce zan raka shi rumfar. Bai so ba, amma bai hana ni ba. Na zauna a ƙarshen benci ina kallo. Mai kifin, mutum mai fara'a wanda ya san mu tun muna yara, ya tsamo karfasa daga wani kwano inda ta kwana cikin gishiri da dunƙule tun hantsi. Ya jefa ta cikin mai wanda ya yi baƙi ƙirin yana kumfa. Da ta soyu ya shimfiɗa ta a takarda, ya ɗebi yaji da yatsu uku ya barbaɗa, Baba ya ce a ƙara, aka ƙara. Na ɗanɗana yajin nan. Barkono da ƙuli suna ciki, amma abin da ya fara dukan harshena gishiri ne da dunƙule.

A nan lissafin ya fito mini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin burodi da miya da dunƙule. Mutane da yawa ba su san dunƙule shi ma galibinsa gishiri ne ba, sai su rage na kwalba su ninka na takarda. Sinadarin sodiyam da ke cikinsu yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru a jijiyoyi, zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi. Duk abin da Inna ta rage da rana, Baba yana biyan bashinsa da dare har da riba.

Wani abokina da ya je kwas ɗin noman shinkafa a Japan ya taɓa ba ni labarin ƙananan shagunan da suke kira izakaya, inda ma'aikata ke tsayawa bayan tashi daga aiki su ci gasasshen kifi a farashi mai sauƙi. Ya ce ban da giyar da ake sha a can, zaman ya tuna masa da rumfunan garinmu. Japanawa sun shahara da cin kifi da tsawon rai, amma a tsakiyar ƙarnin da ya wuce shanyewar ɓarin jiki ta yi musu ɓarna ƙwarai, musamman a arewacin ƙasar, inda ake cin kifi da kayan lambu da aka jiƙa cikin gishiri. Sai da suka dage wajen rage gishiri da kula da hawan jini sannan abin ya lafa. Al'adarsu ta cin ɗanyen kifi kuwa kada kowa ya kwaikwaya da na kanal. Kifin ruwan daɗi yakan ɗauki tsutsotsi, sai ya dahu har cikin ƙashi.

Ban yi wa Baba magana a gaban abokansa ba. Washegari da rana na koma wurin mai kifin ni kaɗai.

Na ce, "Malam, alfarma na zo nema. Na Baba a daina jiƙa shi, a gasa masa a kan waya, yajin kuma a bar shi."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗan Alhaji, kifi ba yaji ai sai majinyaci."

Na ce, "To ai majinyacin ne."

Sai ya yi shiru. Ashe bai san an kwantar da Baba ba, an gaya masa ya yi tafiya ne. Ya ce shi ma mahaifiyarsa tana fama da ciwon. Muka shirya zai riƙa ware guda ɗaya da safe, sabuwa, mai ido garau da jan kunne, wadda in an danna tsokarta take dawowa. Zai shafa mata tafarnuwa da citta da barkono zalla, ya gasa, ya yanka albasa da tumatir a kai, ya matsa lemon tsami. Duk waɗannan a gonakinmu ake samunsu, ba su ƙara wa kuɗin komai ba. Har ya ce gashin ya fi masa sauƙi, tunda mai ya yi tsada, shi ya sa ma yake maimaita shi kwana da kwanaki.

Daren farko Baba ya dawo fuska a murtuke. Kasancewata ɗan fari ba ya kiran sunana, sai ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Inna, "Gaya wa yaron nan na gode da ya mai da ni abin dariya." Kwana biyu bai je rumfar ba, ni kuwa na shiga damuwa, domin ban yi nufin raba shi da mutanensa ba. Dattijon da ya daina fita hira, wani ciwon ne ke jiransa a ɗaki. A rana ta uku wani amininsa, wanda ke da ciwon suga, ya zo har zaure ya ja shi, ya ce shi ma irin na Alhaji zai riƙa ci.

A awon da ya biyo baya an samu 148 bisa 90. Ba zan ce kifin kaɗai ne ya yi aikin ba, domin a watan ne ƙanwata ta karɓi ragamar maganin, take ba shi da hannunta kowace safiya bayan ta gano yana tsallake kwanaki. Likita ya ce da saura, ya ƙara masa ƙwaya guda, ya ce mu dawo bayan mako huɗu.

Har yanzu ina zargin akwai daren da ake ɗan barbaɗa masa yajin a ɓoye. Na tambayi mai kifin, ya dubi sama ya ce shi dai bai ga komai ba.